Dan Allah masu tsalle da lema, in sayi rigar fuka-fukin nan ko in haƙura tukuna?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu ina aiki a Dubai, bara na fara harkar tsalle daga jirgi da lema, farko dai irin wanda ake ɗaure ka a jikin malami na yi, to wallahi tun da ƙafata ta taɓa ƙasa ranar abin ya shiga raina, na yi ta maimaitawa har na yi kwas na samu lasisin A, wato na matakin farko, yanzu tsalle 46 ne a littafina. Gaskiya abin da ya ja ni tun asali rigar nan ce mai fuka-fuki da mutum ke komawa kamar jemage, wadda suke ce wa winsut. Yanzu wani da muke tsalle tare zai koma ƙasarsu ya ce zai sayar min da tashi rabin kuɗi, babba ce irin ta ƙwararru, na saka ta a ƙasa fiffiken hannun ya sauko har wajen gwiwata, na tsakanin ƙafa kuma ya wuce tafin ƙafata. Na san ana cewa sai ka yi tsalle 200, amma dole ne ko shawara ce kawai? Kuma in na saya na ajiye akwai matsala? Jibi yake son amsa.

Bazazzagi a Sifen:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka saya. Na fara da wannan ne don in ba ka karanta sauran ba ka ga shi.

A Empuriabrava nan Sifen nake tsalle, na haura 300 kafin na fara saka rigar kuma ban yi da-na-sanin jiran ba. Maganar 200 ɗin nan a ƙa'idar USPA take, ƙungiyar masu tsalle ta Amurka, kuma duk filin da ya san abin da yake yi sai an buɗe littafinka an ƙirga kafin wani malami ya yarda ya fita da kai. A Ingila ma sun fi tsanani, ko dai 500 ko kuma 200 da ka yi su cikin wata 18 na baya-bayan nan, saboda ba adadin kaɗai suke dubawa ba, so suke hannunka ya kasance da ɗumi.

Mutane suna ɗauka tashin ne mai wuya, alhali tashin kam ko a ranar farko za ka ji rigar ta cika da iska ta ƙananan bakunan da ke jikinta ta yi tauri ta ɗauke ka. A tsallen da ka saba kana faɗowa wajen kilomita 200 a awa, daga mita 4000 minti ɗaya ya ƙare, da riga kuwa saurin faɗowar sai ya ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka ka yi minti biyu har uku a sama, gwani da babbar riga duk mita ɗaya da ya sauko ya ci wajen mita uku a gaba. Wannan shi ne daɗin. Wahalar tana wajen fita daga jirgi da wajen buɗe lema.

Wajen fita, in ka buɗe fuka-fuki a bakin ƙofa iska za ta ɗaga ka sama ta maka ka da wutsiyar jirgi, an rasa rayuka ta haka, kuma ba kai kaɗai ba har matuƙin da jirgin ka jefa a haɗari. Dole ka fita a dunƙule, hannu a jiki ƙafa a haɗe, sai ka ga jirgin ya wuce ka sannan ka buɗe a hankali.

Wajen buɗe lema kuwa nan ne maganar take. Ka taɓa lura da yadda leda ke bin bayan tirela tana juyi wuri ɗaya ba ta gaba ba ta baya? To haka iska take a bayan mai rigar nan, kuma iya girman rigar iya girman wannan ramin iskar. 'Yar ƙaramar lemar da kake jefawa ta jawo babbar, in ka yi mata jifan kasala sai ta faɗa ramin ta kwanta a bayanka tana rawa kai kuma ƙasa na matsowa. Shi ya sa muke saka mata igiya mai tsawo, wajen ƙafa tara, kuma jifan da ƙarfi ake yi, hannu biyu su koma baya lokaci ɗaya su dawo lokaci ɗaya, in ɗaya ya riga ɗaya ka karkace lemar ta buɗe igiyoyi a murɗe kamar tufka. Kuma ka tuna hannuwanka a cikin fiffike suke, ba za ka iya miƙa su sama ka kama igiyoyin ba sai ka zuge zif na hannu biyun. Da babbar riga irin wadda ka kwatanta, yadin fiffiken ma yakan rufe mariƙin 'yar ƙaramar lemar da kake lalube a ƙasan jakar lema. Ni a tsallena na tara da riga, ƙarama ma, na kai hannu na damƙo yadi maimakon mariƙi, na sake kaiwa yadi, sai a na uku na same shi, har yau ina jin santsin yadin nan a tafin hannuna. Abin da ya taimake ni a sama sosai na fara neman buɗewa, kamar yadda aka koya mana.

Ita ma lemar ba kowacce ba, mai ɗakunan iska bakwai ake so mai sanyin hali, ba irin ƙananan nan masu kaifin juyi ba. Sannan na'urar da ke buɗe lemar ko-ta-kwana da kanta in mutum ya suma, irin su Cypres, wadda aka saba da ita sai ta ji kana faɗowa da saurin mita 35 a daƙiƙa a wajen mita 225 daga ƙasa take aiki, mai riga kuwa zai iya saukowa ƙasa da wannan saurin na'urar ta ɗauka lemarsa a buɗe take, shi ya sa har wata ta daban suka yi don masu riga.

Ajiyewa kuma ba ta da amfani, ko ka cika 200 da ƙaramar riga za ka fara, kafin ka isa wannan sai ka ƙara wasu ɗaruruwan, kuma riga da awon jikin mutum ake ɗinka ta. Abin da na fi tsoro ma, in tana rataye a ɗakinka kullum kana kallonta zuciya za ta raya maka ka gwada.

Tsohon Soja:

Yaro ka ji maganar yayanka. Mu a Jaji muka koyi tsalle, namu daban ne, igiya ce maƙale a jirgi ita ke buɗe lemar kana fita, babu wani shawagi, amma abu ɗaya da na sani kafin ka hau jirgi sai wani ya duba ka daga sama har ƙasa, ya ja kowane maɗauri da hannunsa. Da na kalli bidiyon rigar nan abin da ya fara zuwa raina ina maɗaurin cinya? Riga ta rufe komai, ta ina mai dubawa zai gani?

Bazazzagi a Sifen:

Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ka taɓo inda yake. Maɗauran cinya a cikin rigar suke shiga ba a ganinsu, kuma rigar takan kama jiki ta yadda mutum zai ji kamar a ɗaure yake. An taɓa yi a Amurka, saurayi bai zura ƙafafunsa a ciki ba, lema na buɗewa ya zame ya fita. Shi ya sa kafin mu hau ake buɗe zif a gani da ido, ko a kama jakar ta kafaɗa a ɗaga sama, in a ɗaure kake za ka ji ta ja ka a cinya.

Maman Ilham:

Ni ban san komai a harkar nan ba amma ɗan uwa don girman Allah mahaifiyarka ta sani? Duk lokacin da na ga labarin masu rigar nan mutuwa ce, ga Allah ya ce kar mu jefa kanmu cikin halaka. Kana ƙasar mutane, akwai masu jiran abin da za ka aiko, ka yi tunani dai. Ba faɗa nake maka ba, tsoro ne ya kama ni da na karanta.

Bazazzagi a Sifen:

Hajiya tsoronki a kan hanya yake, ba zan ce miki babu haɗari ba. Amma yawancin labaran da kike gani na masu dirowa daga kan dutse ne suna bin gefen tsauni kamar su taɓa bishiya, su lema ɗaya ce a bayansu babu ta ko-ta-kwana, babu kuma sararin gyara kuskure. Dean Potter a haka ya rasu a Yosemite ta Amurka a 2015, Uli Emanuele a Suwizalan a 2016, Valery Rozov wanda ya diro daga Kilimanjaro shi ma a Nepal ya rasu a 2017, duk gwanaye ne na ƙarshe. Ni ban taɓa yi ba kuma na yi wa iyalina alkawari ba zan yi ba. Daga jirgi kana da lema biyu da sarari mai yawa. Duk da haka Patrick de Gayardon, Bafaranshen da ya fito da irin rigar da muke sawa yanzu, daga jirgi ya yi tsallensa na ƙarshe a Hawaii a 1998, wani ɗan gyara da ya yi wa jakar lemarsa ne ya hana ta buɗewa daidai. Maganar sanar da mahaifiya kuwa ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Ɗan Damagaram:

Sannunku. Ina ƙara abu guda, tsalle 154 da suka rage maka kar ka yi su haka nan don cika lissafi. Ka koyi miƙewa kana tsaga iska gaba da jikinka kaɗai, hannu a gefe ƙafa a miƙe, ka riƙa sanin inda filin sauka yake kowane lokaci, don mai riga yana nisa ƙwarai, in ya bi hanyar da jirgi ya zubar da mutane zai iya afka wa lemar wani, in ya yi waje kuma ya sauka cikin rairayi nesa da kowa. Ka gwada buɗe lema da hannu biyu a tare tun yanzu. In kana da hali akwai ramin iska na musamman, wato ɗakin da inji ke hura iska a koyi shawagi a ciki, a Stockholm ta Suwidin wanda aka karkata shi don masu riga, a nan za ka ji yadda take ba tare da jirgi ba, sai dai can ba a koyon buɗe lema.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mutumin na ce ya nemi wani. Hajiya gaskiya Umma ta san na yi na farkon amma ba ta san na ci gaba ba, in sha Allahu ranar Juma'a in na kira gida zan faɗa mata komai, abin da ta ce shi zan bi. Yaya Bazazzagi, har yanzu hayar lema nake, kuɗin rigar nan in na ƙara in fara neman jakata, tun yanzu zan sa a yi mata doguwar igiyar ko sai lokacin ya yi?

Bazazzagi a Sifen:

Igiyar ba ta da tsada, ana canza ta daga baya a wajen mai ɗinkin lema mai lasisi, kar ka taɓa da kanka. Abin da za ka duba yanzu jakar ta kama jikinka, mariƙin ya zama na jifa a ƙasan jaka, kuma kar ka yi saurin rage girman lema. In ka samu wadda ta kwanta maka ka turo awonta da nauyinka da kaya a jiki mu duba tare kafin ka biya.