Anomalure: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Jama'a, ku zo ku taya ni. Jiya da daddare a gida, nan Agege, ɗana ya nuno min bidiyon wata 'yar dabba a waya, wai anomalure. Ya ce, "Baba, me ake ce mata da Hausa?" Na yi tsuru-tsuru.

Dabbar kurmin Afirka ce, akwai ta a kudancin Najeriya. Da rana tana kwance a kogon bishiya, da dare take fitowa tana gaigayar ɓawon itace. Wata fata ce ta haɗe hannunta da ƙafarta, sai ta daka tsalle daga ƙololuwa, ta baje fatar, ta sulalo har wata bishiyar. A ƙarƙashin gindin wutsiyarta kuma akwai ɓamɓaroki masu tsini, layi biyu, da su take tokare jikin itace kada ta zame. Wutsiyar nan ce ma ta jawo mata sunan, daga Girkanci, wato mai baƙuwar wutsiya.

Da safe na kai maganar rumfar masu goro. Wani ya ce "kurege mai tashi". Ban yarda ba. Ba ta kaɗa fiffike kamar jemage, gangarowa kawai take. Kuregenmu kuma ɗan rami ne, ɓarawon gyaɗa, masana ma sun ce ba gidansu ɗaya ba. Yarabawa sun huta, na ƙasa ikun, na bisa okere.

Wani ya kawo "ɓeran bisa". Wannan ai duk ɓeran da ke tsere a silin ɗin gidajen hayar Legas zai amsa.

Sai wani dattijo da ya daɗe yana sarin goro a Shagamu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, raƙumin dawa raƙumi ne? Karen ruwa fa, ka taɓa jin ya yi haushi?" Na ce a'a, Baba. Ya ce to Bahaushe da kama yake raɗa suna, ka bar kuregen ya zauna, ka gyara wutsiyar maganar.

Nan na tuno da sojan laima, da yadda yake saukowa a hankali. Na ce "kuregen laima". Baba ya ɓare goro ya miƙo min rabi.

Shi zan faɗa wa yaron yau. Amma wanda ya taɓa jin sunanta a bakin maharba, ya kawo, sai in janye nawa.