Me za mu kira "fawa sikelin" da Hausa?

Mai shagon caji, Gujungu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana Hausa. Samarin da ke zama a shagona suna jiran waya ta cika sun kwaso wata muhawara daga YouTube da TikTok: a ɗauki jarumai biyu na katun ko na littafin zane da ba su taɓa haɗuwa ba, a ce wa zai kayar da wa. Goku ko Superman, Hulk ko Saitama. Kuma abin da tsarinsa, ba hayaniya ce zalla ba. Ana duba abin da jarumi ya aikata a labarinsa, nauyin da ya ɗaga, girman abin da ya fasa, da irin dukan da ya sha bai faɗi ba. Suna ce wa muhawarar "fawa sikelin", aikin da jarumi ya yi "fit", rashin jin duka kuma "durabiliti". Da Hausa suke musun daga farko har ƙarshe, sai kalmomin nan uku su tsaya musu a maƙogwaro. Ni ban yarda ba mu da su ba, mu da muke da dambe da kokawa da sharo.

Ɗan dambe, Ɗambatta:
Wa alaikumus salam. Maigida ai wannan gwajin ƙarfi ne, shi ke nan. "Fit" kuwa bajinta ce, wannan ko musu babu.

Mai awo, Dawanau:
Bajinta ta zauna daram. Amma ɗan'uwa, gwaji sai an shiga fili an gwabza, su kuwa waɗannan har abada ba za su haɗu ba, kowa da kamfanin da ya mallake shi. Ni na ce a kira shi awon ƙarfi, ko sikelin ƙarfi, tunda sikeli ya daɗe da zama ɗan gida a bakinmu. Bari in yi muku da namu. Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe da Barbushe ɗan zuriyar Dala, da batun mafarauci mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka tafiyar kusan mil tara. Toron giwar Afirka yana kai tan 6. Buhun masara kilo 100 ne, ka ga buhu 60 ke nan a kan mutum ɗaya, ya yi tafiyar kilomita 14 da ɗoriya. A nan kasuwa ƙato ne ke saɓa buhu ɗaya ya hau da shi bayan tirela. To wannan ba awo ba ne?

Malamin Hausa, Ringim:
Alhaji lissafinka ya yi kyau, kuma inda aka faɗi abin da aka ɗaga ƙarara, awo ne. Sai dai mafi yawan musun yaran nan ba a nan yake ba. Ku saurare su da kyau. Cewa suke yi: wane ya kayar da wane, shi kuma wanda aka kayar ya taɓa rusa dutse, saboda haka na farkon ya fi ƙarfin dutse ko da ba a taɓa nuna ya taɓa dutse ba. Nan babu abin da aka ɗora a sikeli. An ɗauki abin da aka sani an hukunta wanda ba a sani ba da shi, kuma wannan sunansa ƙiyasi. Haka malaman fiƙihu ke kiran ɗaukar hukuncin mas'alar da aka sani a ɗora wa sabuwa saboda dalilin da ya haɗa su, kuma sharaɗinsa dalilin ya kasance ɗaya.

Abin da ya sa na nace wa kalmar, tana tafe da gargaɗinta. Wanda ya ce "na auna" ya rufe bakin kowa. Wanda ya ce "na ƙiyasta" ya san za a tambaye shi hujja. Ku tuna tatsuniyar Gizo da giwa da dorina. Gizo ya miƙa wa giwa bakin igiya, ya kai wa dorina ɗaya bakin a ruwa, kowace tana ja tana zaton da Gizo take jayayya. Yaron da ya tsaya ta wajen giwa kawai zai rantse Gizo ya kai giwa ƙarfi. Ya ga ja da idonsa, bai ga wanda ke can ƙarshen igiyar ba. Rabin bajintar da ake kafa hujja da ita a katun irin wannan ce: an taimaki jarumin, ko makami ne ya yi aikin, ko abokin faɗan ya riga ya jigata.

Sannan jarumin takarda ba ya tsayawa a nauyi ɗaya. Superman da ya fara fitowa a 1938 mota yake ɗagawa a bangon mujallar, tsalle yake yi, bai ma fara tashi sama ba. Marubutan baya suka mai da shi mai ture duniyoyi. Wanne za ka ɗora a sikelin? Ko a labarin Goku akwai na'urar da ake maƙalawa a ido tana karanta ƙarfin mutum da lamba, kuma ta sha yaudarar masu ita domin mayaƙan suna ɓoye ƙarfinsu. Ni dai ƙiyasin ƙarfi na zaɓa.

Ɗaliba, Dutse:
Malam, Allah ya ƙara sani. Tsorona kawai kada a ce mun ɗauko kalmar karatun addini mun kai ta wajen katun.

Malamin Hausa, Ringim:
'Yata, kalmar ta daɗe da fitowa kasuwa. Kullum a rediyo ana cewa an ƙiyasta yawan jama'a, an ƙiyasta asarar ambaliya. Babu wanda ya taɓa jin nauyin haka.

Mai awo, Dawanau:
Na sallama, Malam. To "durabiliti" fa? Ni ƙarko na sani.

Tsohon mafarauci, Birnin Kudu (jikansa ke rubuta masa):
Ƙarko na kaya ne, ɗana. Takalmi ke ƙarko, garma ke ƙarko, ba a ce wa namiji mai ƙarko. Kuma kada ku ce juriya, don na ga wasu za su faɗa can. Ku je wajen sharo ku gani. Bafulatani ya tsaya ya ɗaga hannu, a zuba masa bulala, fata ta tashi, jini ya fito, shi kuwa yana duban madubinsa ko gezau. Dukan ya shige shi, daurewa ya yi. Wannan ita ce juriya. Ɗan tauri kuwa ana goga masa wuƙa a ciki ba ta kama ba, babu abin da zai daure wa. Wanda aka harba wa harsashi ya faɗi ƙasa a lanƙwashe, jikinsa ko ƙwarzane babu, tauri gare shi. Wanda aka yi wa jina-jina ya sake miƙewa, juriya gare shi. In kuka haɗa su a kalma ɗaya kun zalunci na biyun, don shi ne ya ji zafi.

Ɗan dambe, Ɗambatta:
Baba ya gama magana. Ni kuma ga tawa gudummawar. Akwai abin da yaran ke kira "sitetimen", wato a cikin labarin wani ya ce wane zai iya tarwatsa duniya, amma ba a nuna ya yi ba. Wannan kirari ne. Mu a fili kafin a sa zare kowa sai ya ce shi ne ajalin maza, makaɗi ma ya ƙara masa. Ba a ba mutum nasara sai hannu ko gwiwar abokin karawarsa ta taɓa ƙasa.

Mai shagon caji, Gujungu:
Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba da Malam. Na ɗauki ƙiyasin ƙarfi a matsayin sunan muhawarar baki ɗaya, awo kuma mu bar shi ga lissafi irin na Alhaji, inda akwai nauyi ko nisa da aka faɗa. Abin da aka ga jarumi ya yi bajinta, abin da aka faɗa a kansa kawai kirari. Tauri da juriya kowanne da gurbinsa yadda Baba ya raba su, kuma wannan rabon ya fi na Turancin da yaran ke amfani da shi fitar da ma'ana.

Na gwada su da yamman nan. Wani yaro ya kawo hujjar cewa an ce jaruminsa ya fi kowa a sararin samaniya, ɗan'uwansa ya ce masa wannan kirari ne, ya kawo bajinta. Ba wanda ya nemi a fassara masa. Saura kalmar da za mu ba bajintar da ta fita zakka, irin wadda jarumi ya yi sau ɗaya tak kuma ta saɓa wa duk sauran labarinsa. Wanda ke da shawara ya kawo.