Daga Song zuwa Ruga: Musayar Baitoci kan Farfesa Jibril Aminu

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na bi ta gaban ofishin Hukumar Ilimin Makiyaya a nan Kaduna, sai marigayi Farfesa Jibril Aminu ya faɗo mini a rai. Tun rasuwarsa a watan Yunin 2025 ban ga wanda ya yi masa ko baiti ɗaya a zauren nan ba. To, tsoho zai buɗe fage. Amsa-amona "ra", wanda ya iya ya ɗora.

Da sunan Allah ni zan fara,
Wanda ya bai wa bawa basira.

A Song ta Adamawa an haife shi,
A 1939, ku saurara.

Ibadan ya tafi koyon likita,
A 1965 ya fito da nasara.

Ciwon zuciya shi ne fanninsa,
Har Landan ya je domin ya ƙara.

Ƙasa ta kira shi a 1975,
Hukumar jami'o'i, ya aje allura.

Maiduguri, shekaru biyar cur,
Jami'a na hannunsa, yana ta gyara.

Babangida ya ce zo riƙe ilimi,
A 1985 aka ba shi kujera.

A nan ya tuno da ɗan da ke daji,
Sanda a kafaɗa, hannu da gora.

Allo ya bi shi har cikin ruga,
Abin da a da ake cewa almara.

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Farfesa. Amma ku kuka koya mana in ba a gane ba a ɗaga hannu, ga nawa a sama.

Baba, na ji yabo kuma na lura,
Akwai shafin da ka bar wa ƙura,
SAP, tsarin tsuke bakin aljihu, ya karya naira,
Lakcara ya kwan yana fama da fatara.

A 1988 yaji ya fara,
Soja kuwa bai san zaman shawara,
ASUU, ƙungiyar lakcarori, aka haramta, ba a jira,
Wa ke minista? Na bar ka da ishara.

Tsohon Hedimasta:
Na ga hannunka ɗana, sauke. Ban musa ba.

Shafin da ka buɗe yana nan daram,
Ba na goge shi, ba na masa sutura.

Amma ka tambayi malamin firamare,
Wata ya bi wata, mu dai muna jira.

Bashi a kanti, bashi gun mai nama,
Mai gidan haya kullum sai kora.

A shekarar nan taka da kake faɗa,
Hukumar firamare ta ƙasa ta fara.

Nan Kaduna ta zauna, albashi ya daidaita,
Uwargida ta daina yi mini harara.

Sai dai daɗin bai daɗe ba. An rushe hukumar a 1991, lokacin Farfesa ya riga ya bar ma'aikatar, muka koma gidan jiya, sai a 1993 aka maido ta. Ku 'yan jami'a in an taɓa ku duniya sai ta ji. Mu kukanmu a aji yake ƙarewa.

Direban Kawo:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma kafin lodi ya cika bari in jefa nawa.

Daga ilimi sai ga shi a man fetur,
A 1991 OPEC shi ta ɗora.

Jakada a Amurka, sannan Sanata,
Shekara takwas, Adamawa ta tura.

Babin fetur kar ku sa in tona,
Mota ta cika, Zariya na jira.

'Yar Ladduga:
Sannunku da hira. Baffa, ka yi haƙuri, ba zan bi "ra" ɗinka ba, Bafulatana ba ta bin burtalin da aka riga aka cinye ciyawarsa. Kun yi ta maganar ruga daga cikin gari, bari 'yar ruga ta faɗi nata da "ya".

Ni ban san SAP ba, ban san doka ba,
Na buɗe ido a gindin saniya,
Ajinmu na farko ba shi da ƙofa,
Rufinsa kuwa rassan tsamiya.

Malam kan zo a kan kekensa,
Bayan an gama tatsar safiya,
Allo a ɗaure a bayan sirdi,
Ƙafarsa duk ta sha ƙaya.

Baffana ya ce boko ɓata ne,
Wa zai bi garke in ta tsaya?
Inna ta ce a bar ta ta gwada,
In ba riba ta dawo ƙwarya.

Ranar da maraƙi ya kwanta ciwo,
An sayo magani, ba mai iya,
Na karanta kwalba, na auna daidai,
Baffa ya yi shiru, ya sunkuya.

Tun ran nan bai ƙara hana ni ba,
Shi ke raka ni har bakin hanya,
Rediyo a kafaɗa, yana jin shirin
Da Kaduna ke yi don makiyaya.

Ban taɓa ganin Farfesa da ido ba,
Sunansa ma sai da na girma na jiya,
Ɗan Samaru, riƙe shafinka da kyau,
Nawa shafin ba na sayar wa duniya.

Ɗan Samaru:
Adda, kin ɗaure ni da jijiyata. Na bi ki "ya" ɗin, amma da sauran magana.

Na sallama miki kwalbar magani,
Wanda ya sha shi ya san gaskiya,
Amma dokar ilimin makiyaya tun 1989 take,
Shekaru sun haura talatin da ɗoriya.

Har masunta an sa su a tsarin,
Takarda ta yi kyau, ba tambaya,
To don me in na bi hanyar Kachia har gobe nake ganin
Yara da sanda, ba jaka a baya?

'Yar Ladduga:
Wannan tambayar ba Farfesa za ka yi wa ba, ƙanena, yana kabarinsa.

Makarantarmu iska ta yaye kwano,
Damina uku, ba wanda ya waiwaya,
Malamin da aka turo ya daina zuwa,
Ban ga laifinsa ba, tsoro ne a hanya.

Wasu rugagen sun tashi dungurungum,
Ba ciyawa suka bi ba, neman lafiya,
Yaran da suka rage ni ke tara su,
Mun koma inda na faro, gindin tsamiya.

Ba ni da takardar koyarwa. Abin da malam mai keke ya zuba mini shi nake juye musu, ranar da babu kasuwar nono.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, na karanta naki sau biyu, na biyun da tabarau a hannu. Yau ba ni da baitin da zan mayar miki. Akwai allo biyu a zaurena tun ranar da na yi ritaya, da kwalin alli da jikokina ba su kai ga ɓarnatarwa ba, da littattafan lissafi na aji ɗaya zuwa uku. Yara nawa ne, kuma wace rana mutanenku ke shigowa Kasuwar Barci?

Kai kuma Ɗan Samaru, ɗangon nan naka na hanyar Kachia ya fi 'yan'uwansa tsawo da kamu guda, ɗingishi yake yi. Ka gyara kafin gobe.

Direban Kawo:
Baba, in kaya ne a kawo tasha. Ina da abokin aiki da ke lodin Kachia ran Asabar, ba zai karɓi ko sisi ba.

'Yar Ladduga:
Allah ya saka da alheri, Baffa. Zan ƙirga su da yamma in sun dawo daga kiwo. A haɗa da soson goge allo, da gefen zanena nake gogewa.