Neman shawara: masu tsaron shagonmu Turawa kaɗai suke yi wa fara'a

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake kula da wani ɗan shagon tsaraba a harabar gidan tarihi. Muna sayar da jakunkunan fata, huluna, faifai, ƙwarya mai zane da rinannen yadi. Samari biyu ke tsaron shagon, kuma damuwata da su zaɓen baƙo. Bature na shigowa sai su miƙe tsaye, baki har kunne. In ɗalibai ne ko wata baiwar Allah da goyonta, sallama ma da ƙyar suke amsawa, ido na kan waya. Rannan wata dattijuwa ta ɗauki ƙwarya tana duba zanen, ɗayansu ya ce, "Mama, in ba saya za ki yi ba ki ajiye." Ta ajiye ta fita, ko uffan ba ta ce ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Na yi faɗa har na gaji, korarsu kuma ba na so, da aikin suke taimakon gida. Ina mafita?

Baduku: Wa alaikumus salam. Malam, yaron da bai san kayan da ke gabansa ba, me zai ce wa baƙo? Ka kai su majema su ga yadda ake jeme fata da bagaruwa. Su san cewa fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har ta kai Turai. Su leƙa marinar Ƙofar Mata su ga baba da toka a karofi. Wanda ya ga wahalar da ke jikin jaka ɗaya, da zumuɗi zai nuna ta ga kowa, ko mai saye ko mai kallo.

Malamar Firamare: Mu da ke kai yara ziyara mun sha ganin haka. Ka liƙa farashi a jikin kowane kaya, don yawancin wulaƙancin daga "nawa ne?" yake farawa, ana kallon takalminka kafin a faɗi kuɗi. Ka kuma ware tebur na ƙananan kaya, maƙalin makulli da munduwa, waɗanda kuɗin tarar yaro zai iya saya.

Dattijo daga Maraɗi: A gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, maƙera da dukawa a gaban jama'a suke aikinsu. Ɗana, ko ranar Asabar kaɗai ka gayyato mai sana'a ɗaya, hira za ta buɗe da kanta.

Maman 'Yan Biyu: Duk na yarda, amma yayana, nawa kake biyansu? Ina zargin tukuicin da suke samu ne ke miƙar da su. Ka sa musu la'ada a kan duk abin da suka sayar, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya yi wa dattijuwar nan magana kuma, ka kira shi gefe, ba a gaban mutane ba, ka tambaye shi ko zai so a faɗa wa mahaifiyarsa haka. In ya sake bayan gargaɗi, to ka sallame shi.