Me za mu kira "spawn" a noman naman kaza?

Mai Shirin Noma: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan noman naman kaza, kalmar "spawn" ta tsaya mini a wuya. Dawa ce ko gero da ake dafawa, a zuba a kwalba, a turara har ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a sa farin zaren naman kazan ya mamaye ta. Ita ake barbaɗawa cikin ledojin garin katako ko karan shinkafa. Ku agaza.

Malamar Gona: Iri. Manomi na jin "irin naman kaza" ya san abin shukawa ne.

Ɗan Dala: A'a Hajiya. Naman kaza ba ya fure, ba ya 'ya'ya, wata ƙura yake zubarwa daga ƙarƙashin laimarsa. Dawar nan abincin zaren ce kawai. Ni na ce "tsabar saƙa", tunda saƙa yake yi a jikin tsabar.

Malamar Gona: Rogo da rake ƙwaya ake shukawa? Kara ake dasawa, kuma iri muke cewa.

Badamagare: A Faransanci "blanc" suke cewa, wato fari. Su kam tun ƙarni na 17 suke nomansa a kewayen Paris.

Mai Shirin Noma: In na ce "farin naman kaza" a rediyo, mai tsire ne zai fara bugo waya.

Baba Malam: Ai nan gizo ke saƙar. "Naman kaza" ɗin ma wa ya raɗa? Mu laimar kwaɗi muka tashi muka ji. Yaran yanzu kowa ya sayi waya ya zama mai ƙamus.

Malamar Gona: Allah ya ƙara girma Baba, amma wa zai sayi laimar kwaɗi ya zuba a miya? Sunan na tuna wa mutane na juji, wanda wani ke da guba.

Ɗan Dala: Yauwa, shi ya sa "tsabar saƙa" ba ta da matsala.

Badamagare: Ku Kanawa duk abin da kuka ƙaga sai ya zama daidaitacciyar Hausa?

Ɗan Dala: Kai da ka kawo mana ta Bafaranshe?

Ɗalibar Kimiyya: Zaren fa, ko funfuna za a ce?

Malamar Gona: Kul! Koriyar funfuna ita ce abokiyar gabar mai noman. Ledar da ta yi fari fat cikin mako uku zuwa huɗu ita ake yankawa a riƙa fesa mata ruwa. Wadda ta yi kore ko baƙi, fitar da ita ake yi kafin ta shafi sauran. Suna ɗaya zai sa mutum ya zubar da mai kyau.

Mai Shirin Noma: To, na ɗauki "iri", zaren kuma "farar saƙa". Laimar kwaɗi zan ambata sau ɗaya a farko, saboda Baba.

Ɗan Dala: Rabin kalmata dai kun ɗauka, ko godiya babu.

Baba Malam: Sau ɗaya? Allah ya kyauta.