A sa sunan ɗan siyasa cikin waƙar sujadar godiya, ya dace?

Uwar Zumunta, Sumaila:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, ina neman shawararku. Ni ce shugabar zumuntar mata a wata ƙaramar ikilisiya a ƙauyenmu. Bana an haƙa mana rijiyar burtsatse mai sola, wani ɗan siyasa ne ya tsaya aka yi. Allah ya sani mun ji daɗi. Da sai yaranmu su yi sammako zuwa rafi da jarkoki kafin su tafi makaranta, in rani ya tsananta kuwa sai a tona yashi a zauna jiran ruwa ya tsatso.

To, yanzu kwamiti ya ce a haɗa sujadar godiya ta kaka da bikin karrama shi, da kuma murnar yaron ƙauyenmu na farko da ya gama karatun likita. Za a jera musu kujeru a gaba kusa da bagade, a taƙaita wa'azi don su yi jawabi, mu kuma mata mu tsara waƙa da sunan mutumin a ciki. Nan ne zuciyata ta ƙi. Tulun nan da cakin da muke kaɗawa, tun ina budurwa sunan Yesu kaɗai na san ana ɗagawa da su a ɗakin sujada. Ranar da muke shiga da damin gero da dawa da kwanon gyaɗa muna rawa har gaba, ai ranar Ubangiji ce. Ko ni ce na cika tsanani?

Malamin Firamare, Gwaram:
Mama, ina girmama ki, amma yaba kyauta tukwici. Romawa 13:7 ta ce a ba da girma ga wanda ya cancanci girma. Mu Kirista a karkarar nan ba mu da yawa, ba kasafai ake tunawa da mu ba. In wani ya tuna mu muka yi masa shiru, gobe wa zai waiwaye mu? A 2023 ranar 1 ga Oktoba ta faɗo Lahadi, mun yi wa Najeriya addu'ar cika shekara 63 a cikin sujada, ban ji wanda ya ce mun yi laifi ba.

Tsohon Mai Bishara, Roni:
Malam, ba ku yi laifi ba. 1 Timoti 2 ma ta umarce mu mu yi addu'a domin masu mulki. Amma yi wa mutum addu'a daban, rera masa yabo a lokacin sujada daban. A Listira, da Bulus ya warkar da gurgu, mutane suka kawo bijimai za su yi musu hadaya shi da Barnaba. Alheri aka yi wa garin na gaske, duk da haka manzannin suka kyakketa tufafinsu suna cewa su ma mutane ne. Maganar kujerun gaba kuwa, kwamiti ya zauna ya karanta Yakubu sura 2, inda aka hana fifita mai arziki a kan matalauci a wurin zama cikin taron masu bi, babu buƙatar in ƙara komai.

'Yata, ni na ga bukukuwan gwamnati da dama. Ina saurayi aka kafa Jihar Kano a 1967. Ranar 27 ga Agusta 1991 muka ji a rediyo mun zama 'yan Jigawa, muka yi murna ƙwarai, har yau ma ina yi. Ranar dimokuraɗiyya da muka saba yi 29 ga Mayu, ga shi ta koma 12 ga Yuni. Abin mutum haka yake, wani ya kafa wani ya sauya. Littafi Mai Tsarki kuwa yana hannun Hausawa tun 1932, kafin a san za a sami 'yanci a 1960, kuma yana nan yana cewa Almasihu ne kan ikilisiya, shi ne mafifici cikin kome, kamar yadda yake a Kolosiyawa 1:18.

Ki kuma duba gaba. In kun rera wa wannan bana, baɗi ɗan wata jam'iyya ya kawo buhunan siminti, me za ku ce masa? Shawarata, a yi bikin karramawar ranar Asabar a bakin rijiyar. A gayyaci dagaci da mai unguwa da maƙwabtanku Musulmi, ai su ma ruwan suke sha, kuma a can za su fi sakewa su zo. Ku yi masa waƙa a can iya son ranku, ku ba shi zakara da ƙwaryar zuma.

'Yar Ƙungiyar Mawaƙan Ikilisiya, Tudun Wada:
Baba ya gama magana. Ni dai likitan nake ji. Kada a hana shi tsayawa a gaba, amma ya tsaya a matsayin mai ba da shaida, ya faɗi yadda Ubangiji ya bi da shi, ya ajiye baikonsa na godiya ga Allah kamar kowa. Yaran makarantar Lahadi suna buƙatar su ji wannan daga bakinsa.

Uwar Zumunta, Sumaila:
Na gode, Allah ya saka. Malam, maganarka ma ta shige ni, ba za mu bar mutumin nan ba godiya ba. Baba, shawarar Asabar ɗin nan zan ɗauka. Gobe da yamma ni da mataimakiyata za mu je gidan Fasto kafin kwamiti ya sake zama. Abin da ya rage shi ne an riga an aika wa mutumin cewa Lahadi ne, sai a sami dattijon da ya iya magana ya je ya sauya ranar ba tare da an ɓata masa rai ba. Ku sa mu cikin addu'a.