Neman shawara: wace jiha ce ta fi dacewa da kocin ƙwallon Amurka na sakandare?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan, musamman masu aikin koyarwa. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a New York, kuma ina cikin masu taimaka wa kocin ƙwallon Amurka na makarantar, ni ke kula da yaran da ke layin gaba na masu tsaro. Ban taso da wasan ba, a nan na koye shi, amma ya shiga raina har ina ganin shi nake so na yi har na yi ritaya, in Allah ya yarda wata rana ni ma na riƙe ƙungiya tawa. Matsalar a garin nan wasan ba shi da gata, filin atisaye ma karɓa-karɓa muke yi da 'yan ƙwallon ƙafa, ranar wasa in ka cire iyayen yara ba ka ganin kowa, ga hayar gida tana cinye albashi. Duk kocin da na zauna da shi sai ya ce in da gaske nake na tattara na koma Texas ko Jojiya, wasu kuma su ce Florida. Ina da iyali da yara ƙanana, ba na so na ɗebe su na kai su inda za mu yi da-na-sani. Ina ne ya fi dacewa mutum ya zauna ya yi wannan aikin?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Malam, waɗanda suka ce maka Texas ba su ruɗe ka ba, ni a gefen Dallas nake kuma yarona ya buga wasan har ya gama sakandare don haka na ga abin da idona. Abin da ya bambanta Texas da sauran wurare ba yawan 'yan kallo ba ne kawai, tsarin ne. Hukumar da ke kula da wasannin makarantun gwamnati, UIL, ƙa'idarta ita ce kocin sakandare sai ya kasance cikakken ma'aikacin hukumar makarantun yankin, ba wani zai zo daga waje da yamma ya yi awa biyu ya tafi ba. Shi ya sa aikin ya zama sana'a ta gaske mai matakai, ka fara daga ƙasa ka hau. Sannan a cikin jadawalin karatu akwai lokacin motsa jiki da aka ware wa 'yan wasa, kana tare da yaranka duk shekara ba sai kakar wasa ba. Shugaban koci a manyan makarantu, waɗanda ake kira 5A da 6A, da yawansu albashinsu ya haura dala dubu 100 a shekara domin galibi su ne ke kula da duk harkar wasannin makarantar. Garin Allen kusa da mu sun gina filin wasa na kusan dala miliyan 60 a 2012, yana cin mutum dubu 18, na yaran sakandare fa. Katy a gefen Houston su ma suka buɗe nasu a 2017 wanda ya fi wannan tsada. Wasannin ƙarshe kuma a filin AT&T na Arlington ake yi a watan Disamba, inda Dallas Cowboys ke wasa. Ga shi jihar ba ta cire harajin albashi. Kuma kai malamin lissafi ne, wallahi wannan babban jari ne, don yawancin masu neman aikin koci tarihi ko motsa jiki suke koyarwa, mai lissafi da zai iya koci nemansa ake yi.

Malam Ɗan Zango:
Duk abin da Baban Sadiq ya faɗa haka ne amma bari na ƙara maka ɗaya gefen don kar ka shiga da ido rufe. Ni ina koyarwa a gefen Houston, na yi kocin 'yan aji bakwai da takwas. Da wuya baƙo da bai buga wasan a kwaleji ba kuma bai san kowa ba a ɗauke shi kai tsaye a babbar ƙungiyar sakandare, yawanci daga ƙaramar sakandare ake farawa, kuma ba ƙwallon Amurka kaɗai za a ba ka ba, in kaka ta ƙare za a haɗa maka kwando ko guje-guje. Daren Juma'a kuma a tura ka wani gari ka leƙo abokan karawar mako mai zuwa. A ƙananan garuruwa har lasisin tuƙa bas za a ce ka yi don kai za ka kai yaran wasa. Dokokin wasan ma ka sani sun ɗan bambanta, Texas da dokokin kwaleji na NCAA suke amfani tare da 'yan gyare-gyare, ba irin waɗanda ka saba da su a New York ba.

Abu na biyu kuma shi ne ya fi muhimmanci a wajena, waɗancan manyan filayen da ake nunawa a talabijin mutanen gari ne suka kaɗa ƙuri'a aka ciwo bashi aka gina su, suna biya ta harajin gidajensu, to wanda ya biya kuɗinsa yana jiran sakamako. Shugaban koci ya yi kaka biyu uku ba nasara sai a sauke shi, in sabo ya zo kuma da mutanensa yake zuwa, kai mataimaki ko da ba a kore ka daga aji ba za ka iya rasa gurbinka a ƙungiyar. Don haka ni shawarata kar ka zaɓi jiha tukuna, ka zaɓi mutumin da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ka bincika ya daɗe a makarantar? Mataimakansa suna zama ko kowace shekara sababbi ne? Nawa daga cikinsu suka samu ci gaba suka riƙe tasu ƙungiyar? Koci mai mutunci a makarantar 4A da ba a san sunanta ba ya fi maka alheri nesa ba kusa ba a kan babbar makaranta da za a mai da kai ɗan aike. A watan Yuli ƙungiyar kociyoyin sakandare ta Texas tana yin babban taronta na shekara, dubban kociyoyi ke zuwa, in za ka iya ka je ka gaisa da mutane ka ji yadda suke magana.

Zafi kuma kar ka ce ai mu 'yan Sahel ne mun saba. Atisaye a farkon Agusta ake farawa, zafin Houston mai gumi ne irin na Legas, yara na sanye da kwalkwali da sulke, dole ka koyi alamomin bugun zafi da gaske don rai ake rasawa a kansa.

Abu Hanifa:
Florida dai ka cire ta a lissafi in maganar rufin asiri ake. Yara masu baiwa kam akwai su kamar me, Miami da Fort Lauderdale suna fitar da 'yan wasan NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, ba adadi, ga makarantu irin su St. Thomas Aquinas da IMG ta garin Bradenton, amma abin da aka daɗe ana ba kocin makarantar gwamnati 'yan dubban daloli ne a shekara a kan albashin malanta, albashin malantar ma yana cikin na ƙasa-ƙasa a ƙasar. Shi ya sa kociyoyinsu da yawa suke tsallakawa Jojiya. Ga inshorar gida ta yi tsada saboda guguwa.

Baban Ummi:
Ni Jojiya zan ce maka Malam, kuma ba don ina zaune a nan ba. Kudancin jihar wasan nan kamar gado ne, Valdosta ita ce makarantar da ta fi kowace yawan cin wasa a tarihin Amurka, ta haura 900, kuma garin ba wani babba ba ne. Kewayen Atlanta kuma irin su Buford da Grayson da Milton suna zuba kuɗi sosai, wasan ƙarshe a filin Mercedes-Benz ake yi. Manyan kwalejojin kudu kullum masu farautar 'yan wasansu suna zarya a makarantun nan, in burinka ka ga yaranka sun samu tallafin karatu to za ka ji daɗin aikin. Atlanta akwai masallatai da yawa da naman halal da 'yan Afirka ta Yamma, iyali ba za su ji kaɗaici ba. Sai dai akwai harajin albashi na jiha, kuma fanshon malamai sai ka cika shekara 10 kafin ya zama naka, ka sa wannan a lissafi.

Maman Amira:
Salam. Ƙanena ka yi haƙuri zan sa baki, na ga duk maza ne ke ba ka amsa kuma kowa filin wasa da albashi yake lissafa maka, ba wanda ya tambayi maman Khalifa. Maigidana ya yi wannan aikin a Texas, ni na san abin da ke ciki. Daga Agusta har Nuwamba, in ƙungiya ta yi nisa har Disamba don sai an buga wasa 16 kafin a ɗauki kofi, kusan ba ka da miji a gida. Ya fita tun duhun asuba, Alhamis wasan ƙananan ƙungiyoyi, Juma'a babban wasa sai tsakar dare, Asabar kallon bidiyon wasa da wankin kayan yara, Lahadi da rana a koma tsara na mako mai zuwa. Yaro ya yi zazzaɓi ke kaɗai, taron iyaye a makaranta ke kaɗai. A New York yanzu matarka tana da maƙwabta da ƙawaye da za ta bar wa yara, tana hawa jirgin ƙasa ta je inda take so, in ka kai ta wani ƙaramin gari a yammacin Texas inda masallaci mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda ko fiye, ba ta da kowa, ƙila ma ba ta tuƙi, to wallahi ko kofi goma ka ci gidan ba zai yi daɗi ba. Ban ce kar ka je ba, mu ma mun ga alheri a ciki kuma yaran da ya horar har yau suna kiransa a waya. Amma ku zauna ku biyu ka faɗa mata gaskiyar lokutan aikin ba ragi, ta koyi mota kafin ku tashi, kuma ku tsaya kusa da babban birni, Houston ko Dallas, inda akwai islamiyya da jama'armu. Ku fara duba makarantar da yaranku za su shiga kafin ku duba wadda za ta ɗauke ka.

Baban Sadiq:
Gaskiya Hajiya ta faɗi abin da muka tsallake. Allah ya saka da alheri.

Alhaji na Detroit:
Tunda an taɓo maganar addini bari na ce wani abu. Kar a manta da arewacin ƙasar, Ohio da Michigan da Pennsylvania wasan yana da tushe sosai, makarantun Massillon da Canton McKinley na Ohio tun 1894 suke karawa kuma har yau garin tsayawa yake cak ranar wasan. Gidaje sun fi araha, ƙungiyar malamai tana da ƙarfi, ba a cika wasa da aikin mutum ba. Bambancin dai kocin a nan yawanci ƙarin aiki ne da ake biyan alawus a kai, ba za ka yi kuɗi da shi ba. Amma a Dearborn, nan kusa da Detroit, akwai makarantar Fordson da mafi yawan 'yan wasanta Musulmi ne, a 2010 da azumi ya faɗo a Agusta kocinsu Fouad Zaban ya mai da atisaye cikin dare daga ƙarfe 11 zuwa 4 na asuba don yara su samu ci da sha. Irin wannan wurin ba sai ka yi dogon bayani a kan sallah ko azumi ba. Duk inda ka je dai ka yi maganar sallar Juma'a tun a wajen intabiyu, don ranar ce ranar wasa kuma ranar ce aka fi matsuwa, ka nemi a sa maka lokacin hutunka ya dace da ita. Dokar tarayya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi ƙoƙarin sauƙaƙa wa ma'aikaci a kan addininsa, amma abin da aka daidaita tun farko cikin mutunci ya fi wanda za a zo ana jayayya a kai a tsakiyar kaka. A kudu kuma za ka tarar addu'ar Kirista kafin wasa al'ada ce a wurare da yawa, ka san yadda za ka tsaya da naka ba tare da ka ɓata da kowa ba.

Ummu Yasir:
Kalifoniya fa? Na ji ana cewa su ne ke da ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi.

Abu Hanifa:
Suna da su Hajiya, Mater Dei da St. John Bosco, ga De La Salle da ta taɓa cin wasa 151 a jere kafin a doke ta a 2004, amma duk makarantun kuɗi ne na Katolika. A na gwamnati kociyoyi da yawa ba ma malaman makarantar ba ne, daga wani aikin suke zuwa da yamma. Wanda hayar New York ta kora kuma ban ga abin da zai kai shi can ba.

Malam Ɗan Zango:
Na manta abu ɗaya Malam, ka duba fanshonka kafin ka ajiye aiki. Albashin malamai a birnin New York yana hawa sosai in mutum ya daɗe kuma yana da digiri na biyu, a Texas ana farawa da kyau, kewayen Houston da Dallas wajen dala dubu 60 ne, amma hawansa a hankali yake. Yawancin hukumomin makarantun Texas kuma ba sa zuba wa malami kuɗin Social Security, wato fanshon gwamnatin tarayya, fanshon malamai na jiha kawai ake cirewa, inshorar lafiya ta iyali tana da tsada, in ka sayi gida harajinsa ma ba wasa ba ne. Ka zauna da biro da takarda tunda lissafi ne aikinka. Satifiket ɗinka kuma ka tura wa hukumar ilimi ta Texas ta duba tun yanzu, sukan ba da na shekara ɗaya kafin mutum ya cika sauran sharuɗɗa, don guraben mataimaka daga ƙarshen hunturu zuwa bazara suke fitowa bayan sababbin shugabannin koci sun kama aiki, wanda takardunsa ke hannu shi ake fara kira.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maman Khalifa saƙon Hajiya, ta ce ita Houston ta fi kwanta mata don tana da 'yar uwa a can, amma sai mun je mun gani da idonmu lokacin hutun yara. Florida da Kalifoniya na ajiye su. Zan tura takardun a wannan watan, zan kuma kira ofishin fansho na ji matsayina. Malam Ɗan Zango don Allah zan neme ka ta waya, ina so ka faɗa min tambayoyin da ya kamata na yi wa shugaban koci in an kira ni, da kuma unguwannin da makarantun firamarensu ke da kyau a ɓangarenku.